Matambayi Ba Ya Ɓata: Bakin Ƙofa da Kunnen Ƙashi a Tsallaken Teku

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo labarin wani tsohon kukun jirgin ruwa, mutumin Guyana, da muka saba da shi lokacin da nake akawun ƙirga kaya a tashar Apapa. Na ce shi ya fara sa ni kasa kunne ga maganar mutanen Karibiyan, wato tsibiran nan da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, da 'yan ƙasashen gaɓa irin tasa. Ashe na sosa wa jama'a inda yake musu ƙaiƙayi. Saƙonni sun zo daga Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende, har da Alaba Rago. Na tsamo shida na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili.

Daga wani ɗalibi a Akoka: Baba, in na saurari waƙoƙin Jamaika sai in ji kamar ɗan Ajegunle ke magana. Abokina ya ce duk gurɓataccen Turanci ne na waɗanda suka kasa koyon na ainihi. Gaskiya ne?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka ce wa abokinka ya sake tunani. Abin da ya gurɓace ba shi da ƙa'ida, kowa yadda ya ga dama yake furta shi. Maganar Jamaika kuwa, wadda masu ita ke kira Patwa, tana da ƙa'idar da in ka karya ta, yaro ɗan shekara biyar zai gane kai baƙo ne.

Dubi aikatau. Bature kalmar kanta yake lanƙwasawa don ya nuna lokaci. Ɗan Jamaika ba ya taɓa ta, wata 'yar kalma yake ajiyewa a gabanta: *mi a nyam*, ina ci, *mi did nyam*, na ci tun ɗazu, *mi wi nyam*, zan ci. Ɗan Haiti, wanda kalmominsa daga Faransanci suke, haka shi ma: *m ap manje, m te manje, m pral manje*. To kai da ka tashi kana cewa ina ci, na ci, zan ci, wa ka ga ya fi kusa da bakinka?

Bahaushe ya ce "na san cewa zai zo", wannan "cewa" kuwa daga "ce" ta fito. Ɗan Jamaika ya ce *mi nuo se im wi kom*, ɗan buroka a Oshodi ya ce *I know say e go come*. In muka ce "su Mama sun iso" muna nufin Mama da 'yan rakiyarta. Su ma suna da wannan, a baya kawai suke sa ta: *Mama dem*. Sannan Turanci ya cusa kai da ku cikin kalma ɗaya, abin da ya takura mutanen da suka saba rarrabewa, sai suka ɗauko *unu* daga harshen Ibo. A Barbados ta zama *wunna*, a nan Legas *una*.

Yadda abin ya faru shi ne, Ingila ta ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniya a 1655, ta mai da ita gonar rake. Kafin a haramta fataucin bayi a 1807 an sauke mutane kusan miliyan ɗaya a wannan tsibiri kaɗai, daga Gana ta yau, da gaɓar Dahomey, da Bonny da Kalaba, da Kongo. An haɗa su a gona ɗaya, ba mai jin yaren wani, kalmomin da kowa ke ji dare da rana su ne na mai bulala. Sai suka kwashi kalmominsa suka ɗora a kan ginin zancen da suka zo da shi. 'Ya'yansu suka buɗe baki da shi, da shi aka yi musu waƙar reno, da shi aka yi musu faɗa. Da zarar harshen haɗa-ka ya samu 'ya'yan da suka sha shi a nono, masana sai su kira shi kiriyol. Buroka ma ta kai wannan matsayi a Warri da Sapele.

Kamar da kake ji da Ajegunle tana da hanyoyi. Akwai tsohon cinikin gaɓa da Turawan Fotugal, wanda ya bar mana *pikin* da *sabi*; ɗan Jamaika ya ce *pikni*, ɗan Suriname ya ce *pikin* da *sabi* sak irin namu. Sunan Legas ɗin ma su suka raɗa, mu dai Ikko iyayenmu suka sani. Akwai kuma dawowa. A 1796 Ingila ta kori wasu tsoffin bayi da suka kafa garinsu a duwatsun Jamaika zuwa Kanada, a 1800 aka kawo su Freetown ta Saliyo. Maganarsu ta shiga Kiriyo, wato kiriyol ɗin Saliyo, Kiriyo kuma ta biyo Saro, 'yantattun bayin da suka dawo daga Saliyo, da suka zauna a unguwar Olowogbowo ta Legas suna aikin akawu da malanta. Mishan da suka sauka Kalaba a 1846 daga Jamaika suka taso. Sojojin Karibiyan ma sun yi yaƙin Ijebu na 1892 kafaɗa da kafaɗa da dakarun Hausawa na Legas. Rege ta zo daga baya ta tarar da ƙasa a jiƙe.

Rainin da abokinka ya yi, su ma can sun sha shi a gida. An daɗe ana dukan yara a makaranta don sun yi Patwa, sai da irin su Louise Bennett suka hau dandali suna waƙe da shi kafin kunya ta fara raguwa. Haiti, wadda kowa a cikinta kiriyol yake ji, sai a tsarin mulkin 1987 ta ɗora shi kusa da Faransanci a matsayin harshen hukuma. Mu haifaffun Agege mun san wannan ciwon. Sau nawa yaronmu zai je hutu Arewa ya dawo ya daina magana a cikin mutane don an yi wa Hausarsa dariya? Ni abin yana min zafi har yau.

Daga wata uwa a Agege: Malam, ɗana mai shekara 14 ya kwaso wasu kalmomi a waya: *wagwan*, *irie*, da wata mai farawa da *bombo* da yake faɗa in abu ya ba shi mamaki. Na hana, ya ce ai duk gaisuwa ce.

Hajiya, biyun farko ki ƙyale shi. *Wah gwaan* ita ce me ake ciki, amsarta *mi deh yah*, ina nan, kamar yadda muke cewa muna nan dai. *Irie* lafiya lau ce. Ta ukun kuwa ki tsaya a kan bakanki, ashar ce, babba ma. Ƙarshenta, *klaat*, tsumma ne, kalmar gaba ɗaya kuma tana nufin tsumman da ake tsaftace al'aura ko jinin al'ada da shi. Tana da 'yan'uwa masu irin wannan ƙarshen, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. A Jamaika doka ta hana furta irinsu a bainar jama'a, ana cin tara a kai.

A 2019 kalmar ta bazu a Twitter, ana liƙa ta a kan hotuna don ban dariya, yaranmu suka ɗauka ba su san abin da suka ɗauka ba. Lokacin da nake haya a Surulere muna da maƙwabciya 'yar Jamaika, nas ce, tana auren wani Bayarabe. Wata rana ta ji yaron shago ya faɗe ta yana miƙa mata canji. Ajiye ledar ta yi, ta tambaye shi ko zai iya maimaitawa a gaban mahaifiyarsa, sannan ta fassara masa. Ban sake jin ta a bakinsa ba. Ke ma fassara masa za ki yi, ya fi duka tasiri.

Ki kuma gaya masa maganar 'yan Rasta daban take da Patwar gida. Su da gangan suke sauya kalmomi. Sun ji akwai "ƙasa" a cikin kalmar Turanci ta fahimta, wato *understand*, suka ce mai fahimta ba ya ƙasa, suka mai da ita *overstand*. Abinci mara nama da gishiri su ce *ital*. 'Yan Rasta ƙalilan ne a Jamaika, yawancin mutanen 'yan coci ne, kuma tsohuwar ƙauye a can ba ta magana kamar mawaƙi.

Daga wani Alhaji mai albasa a Mile 12: Malam, an ce akwai kalmomin Ibo da na Yarbawa a bakinsu. Mu fa? Ba a kai Bahaushe can ba ne? Na ji suna ce wa ci *nyam*, na ce ai namanmu ne.

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. *Nyam* dai masana sun fi jingina ta da Fulfulde da Wolof na Senegal, inda kalmar ke nufin ci ko ɗanɗana. Mai kama da nama kuwa tana nan a harsunan Afirka da dama har Suwahili, don haka ba mu da hujjar cewa tamu ce mu kaɗai. *Juk*, wato soka, wadda 'yan Legas ke cewa *chook*, ita ma Fulfulde ake kai ta. Amma kaso mafi tsoka a Jamaika na mutanen Asante da Fante ne. Daga gare su Anansi ya fito, gizon tatsuniyarsu mai wayo da haɗama, ɗan'uwan namu Gizon. Daga gare su sunayen rana suka fito, irin namu Ɗanladi da Ɗanjuma: Kwasi ya zama Quashie, Kofi ya zama Cuffy, Kojo ya zama Cudjoe, sunan jagoran da ya tilasta wa Ingila sulhu a 1739.

Abin da ya sa kalmominmu suka yi ƙaranci, lokaci ne. Hausawa ba su faɗa cikin jiragen nan da yawa ba sai bayan 1804, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar Oyo, ana gangaro da su ta Legas, Badagry, Porto-Novo da Ouidah. A lokacin Ingila na rufe nata cinikin, Patwa kuma ta fi shekara ɗari da kafuwa. Yawancin namu Bahia ta Brazil aka kai su, wasu Kuba. Waɗanda suka isa Trinidad, da dama daga cikinsu waɗanda aka ƙwato ne daga jiragen sumoga aka kai su aikin ƙwadago daga 1841. Wata masaniya 'yar ƙasar, Maureen Warner-Lewis, ta bi ƙauyuka tun ƙarshen shekarun 1960 tana hira da tsofaffi, jikokin Yarbawa da Hausawa da Fulani da Kongo, tana naɗar abin da ya rage a bakinsu.

Akwai wani bawan Allah da nake so ka sani. Abubakar Siddiƙ, haifaffen Tumbutu, ɗan gidan malamai, an kama shi yana saurayi aka kai shi Jamaika, ya yi kusan shekara 30 a bauta yana rubuta lissafin shagon ubangidansa da harafin Larabci. A 1834 wani alƙali mai suna Madden ya taimaka aka 'yanta shi. Ya rubuta tarihinsa da Larabci, a ciki ya ce kakansa na wajen uwa mutumin Katsina da Borno ne, sunan mahaifiyarsa Hafsatu, amma da Hausa ana kiranta Nagode. Shekara talatin cikin bauta, bai manta laƙabin uwarsa ba. Ranar da na fara karanta wannan, na daɗe ban ce komai ba.

To amma Alhaji, in kana neman abin da kunnenka zai gane, bar fatar kalma ka duba hoton da ke cikinta. Ranar da na fara lura, kukun nan ya aiki yaro da buhun shinkafa, ya ce masa ya ajiye a *door-mouth*. Na juyo na ce ya maimaita. Bature ƙofarsa ba ta da baki, tamu ce ke da shi. Daga ranar na ware shafukan baya na littafin aikina, duk zuwan jirginsu sai na ƙara wani abu. Yaro mara jin magana, *hard-ears*, kunnen ƙashi ke nan, kuma abin da ake gaya masa shi ne *who cyaan hear mus feel*, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. *Sweet-mouth* daɗin baki. *Bad-mouth* mugun baki. *Day-clean* asuba, lokacin da gari ya waye. *Cut-eye* harara, irin wadda mace za ta dube ka daga sama har ƙasa ta kau da kai. Wuri in ya hargitse ɗan Jamaika ya ce *chaka-chaka*, ɗan Legas ya ce *jaga-jaga*, mu mu ce kaca-kaca. Waɗannan hotuna gadon gida ne na Afirka ta Yamma baki ɗaya. Bayarabe ma bakin hanya yake ce wa ƙofa, hawaye kuma ruwan ido ne a wurinsa da wurin Ibo, shi ya sa ɗan Jamaika ke cewa *yai-waata*.

Wanda ya fi kama ni shi ne tsaki. A Jamaika *kiss-teet*, a Trinidad *steups*, a Barbados *chupse*, a Matinik *tchip*, a Suriname *tyuri*. Kuma hukuncinsa ɗaya da namu: yaro bai isa ya ja wa babba ba. Wani masani ɗan Guyana, John Rickford, da matarsa sun yi bincike a kai a 1976, suka tarar baƙaƙen Amurka sun san harara da tsaki, yawancin fararen da suka tambaya kuwa ba su san ma'anarsu ba. An raba mutane da sunansu da yarensu da addininsu, amma wannan 'yar ƙarar ta tsakanin harshe da haƙori ta ƙetare teku lafiya lau, domin ba ta da kalmar da za a hana.

Daga wani ɗan sanda mai ritaya a Obalende: Malam, na yi shekara guda a Haiti a aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. In ka ce *sak pase*, sai su ce *n ap boule*. An ce min ma'anarta muna ƙonewa. Ya mutum zai amsa gaisuwa haka? Kuma me suke nufi da *dèyè mòn gen mòn*?

Yallaɓai, sannu da hidima. Wanda ya fassara maka bai yi ƙarya ba, *boule* ƙonewa ce, amma nufinsu muna nan muna fama, wuta ba ta mutu ba. Na tabbata ka ji sauran amsoshin: *n ap kenbe*, muna riƙe, *m pa pi mal*, abin bai ƙara muni ba. Kuma ba su cika yin alkawarin gobe ba sai sun ƙara *si Dye vle*, in Allah ya so. Wannan bai kamata ya zama baƙo gare mu ba, mu da ake ce wa ya haƙuri mu ce sai godiya, ya zafi mu ce lokacinsa ne. Mutanen da suka tashi tsaye a 1791, suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804, sannan a 1825 Faransar ta ɗora musu bashin faran miliyan 150 a matsayin diyyar 'yancinsu, suka yi ta biya tsara bayan tsara, ga girgizar ƙasa ta 2010, ba za su ce maka komai daidai da arha ba.

*Dèyè mòn gen mòn*, bayan dutse akwai dutse. Ƙasar ce haka, kai shaida ne, sunanta ma a harshen mutanen farko na tsibirin ƙasar duwatsu yake nufi. Suna faɗarta in an fita wata wahala an shiga wata, suna kuma faɗa wa mai ji da kansa, kamar yadda za mu ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Karin maganar Haiti na cikin abin da na fi so a wannan fage. *Men anpil, chay pa lou*, hannu da yawa kaya ba nauyi. Mu ta baya muka biyo mata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. *Sak vid pa kanpe*, buhun da ba komai ba ya tsayuwa, wato sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. *Bourik travay, chwal galonnen*, jaki da aiki doki da ado. Duk lebura a Apapa zai gaya maka kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai wadda na fi riƙewa: *wòch nan dlo pa konn doulè wòch nan solèy*, dutsen da ke cikin ruwa bai san azabar dutsen da ke rana ba. Duk lokacin da na bi ta gadar Third Mainland na hango Makoko a ƙasa sai ta faɗo min.

Na tsibiran Ingilishi ma ba baya ba. Jamaika: *one one coco full basket*, gwaza ɗaya-ɗaya ke cika kwando. *Duppy know who fi frighten*, fatalwa ta san wanda take tsoratarwa, wargi wuri yake samu. *Wha sweet nanny goat a go run him belly*, abin da ya yi wa akuya daɗi shi zai sa ta zawo. Trinidad: *goat doh make sheep*, akuya ba ta haifar tunkiya.

Da ka samu zama da yara da dare, da ka ji mai tatsuniya ya ce *krik*, su amsa *krak*, kamar ga ta nan ga ta nanku, ta zo mu ji ta. Taurarin tatsuniyarsu biyu ne, Malis mai wayo da Bouki wawa mai kwaɗayi. *Bukki* kuwa a Wolof kura ce. Babu kura a Haiti, yaran ba su taɓa ganinta ba, amma sunanta da halinta suna nan. A Matinik da Gwadalup akwai kacici-kacicin da kowa ya sani: *dlo doubout*, ruwa a tsaye. Amsa, rake.

Daga wata Hajiya, uwar adashi a Idi-Araba: Malam, ƙanwata da ke Landan ta ce maƙwabtanta 'yan Jamaika suna zubi kamar mu. Me suke kiransa?

Hajiya, *pardna* suke cewa. Abin da kowa ke zubawa *hand* ne, hannu, kwasa kuma *draw*. A Trinidad *susu*, a Bahamas *asue*, duka daga *esusu* na Yarbawa. A Guyana *box-hand*. A Haiti *sòl*, mai riƙe kuɗin kuma *manman sòl*, uwar adashi kalma da kalma, takwararki ke nan. Waɗanda suka tafi Ingila aiki daga 1948, da bankuna suka ƙi ba su rance, da wannan zubin da yawansu suka sayi gidajen farko. Sana'arki ta gina unguwanni a Landan.

Tunda kasuwa ta shigo, gyara ma suna da ita. A Jamaika *brawta*, a Haiti *degi*, a Trinidad *lanyap*. A nan kuwa mu muka ba da aro, domin *jara* da kike ji a bakin Yarbawa da 'yan buroka gyararmu ce. Matan da ke sarin amfanin gona daga ƙauye su kawo birni, 'yan Haiti na ce musu *Madan Sara*, sunan tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da ke saƙa sheƙa gungu-gungu a bishiya ɗaya yana surutu. Sunan akara ma ya ƙetare, ƙosan ne ya sauya: a Trinidad da Matinik *akra* da kifi mai gishiri ake yi, a Haiti da wani irin gwaza.

Daga wani uba a Agege: Malam, 'yata ta samu gurbin karatun likita a Guyana. Me ya kamata ta sani na maganarsu?

Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya. Da farko ka kwantar da hankalinka, akwai Musulmi da masallatai, har da babban masallacin Queenstown a Georgetown, shugaban ƙasar da ya hau a 2020, Irfaan Ali, shi ma Musulmi ne. Bayan an saki bayi, Turawa sun kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya daga 1838 zuwa 1917, shi ya sa za ta ji kalmominsu a kasuwar Stabroek: *baigan* yalo, *bhaji* ganyen miya, *roti* da *dhal*. Kakar wajen uwa *nani*, ta wajen uba *aji*.

Hira a can *gyaff* ce, zaman majalisa kuma *lime*. In an ce mata *just now*, kada ta tsaya a bakin ƙofa tana jira, "ina zuwa" ce irin tamu, wadda mai faɗarta ke juya baya ya tafi. In mutum ya shigo da dare ya ce *good night*, sallama ya yi, ba bankwana ba, ta amsa masa da irinta. Duk babba *Auntie* ne ko *Uncle*, kuma shiga wuri ba gaisuwa rashin tarbiyya ne a wurinsu kamar a wurinmu. Suna da wata magana, *all skin-teeth nah laugh*, ba kowane yaƙe ne dariya ba, wannan ta riƙe ta da kyau a baƙon wuri. Kada ta yi saurin kwaikwayon muryarsu daga abin da ta ji a waƙa, ɗan Guyana ba ya son a yi masa maganar Jamaika a ce tasa ce; ta saurara wata uku tukuna, bakinta zai ɗauka da kansa.

Abinci kuma ta riƙa tambaya kafin ta kai loma. *Cook-up* dafa-duka ce ta shinkafa da wake da ruwan kwakwa, *pepperpot* farfesu ne baƙi da ake yi da tsumin rogo, dukansu wasu gidaje na sa naman alade. Kukun nan namu, da ya ga ina salla a bayan sito, tukunya daban ya riƙa ware min ba tare da na roƙa ba, kuma duk ranar da jirginsu zai tashi, in na ce masa Allah ya kiyaye hanya, sai ya ɗaga ludayi daga saman bene ya ce *walk good*. Ita ma ran da za ta dawo, abin da za su ce mata ke nan.